Suna ba gasa ba ne

Ƴan uwa manoma, daga Tibiri har Jiratawa mun ɗauko wani hali. An haihu da kaka, sai angon ƙarni ya buɗe rumbu, ya kai gero kasuwar Maradi da araha, ya sayo shinkafa da lemon kwalba. Baƙi su ci yini ɗaya, su watse. Da damina shi ne zai koma awon tiya da tsada. Wanda ya ga 2005 ya sani.

Rago da goro ga mai hali, to. Amma tuwo, fura da kwaɗon zogalen Jiratawa sun isa fita kunyar baƙi. Tabarma kuwa, tsofaffin gida sun iya saƙa ta da kaba.

Geron nan na maijego ne. Sai ta ƙoshi da kunu, a rage kanwa, domin nononta kaɗai jariri zai sha har wata 6.