Ba Kowane Jan Ido Ne Afolo Ba

A hutun da ya wuce ina gida a Damba, idon gwaggona na hagu ya yi ja. Kowa ya ce Afolo ne. Ni da kaina na je kyamis na sayo mata maganin ɗigawa, ban ma karanta kwalin ba. Akwai ƙuraje masu ruwa a gefe guda na goshinta, muka ce zafi ne. Sai da aka yi kwana tara muka kai ta asibiti. Likita ya ce ƙwayar cutar ƙarambau ce da ta kwanta a jikinta tun tana yarinya, ciwon suga ya raunana garkuwar jikinta, ta farka ta kama jijiyar ido. Maganin ya fi aiki in an fara shi cikin sa'o'i 72 da fitowar ƙurajen. Yau gwaggo dishi-dishi take gani da wannan idon.

Afolo na gaskiya, wanda ya ɓulla a Ghana a 1969, yakan warke da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Wannan ya sa muka raina jan ido. Amma ga mai ciwon suga, ko mai HIV, ko mai shan maganin daji, lissafin daban ne. Maganin ɗigawa mai sitiroyid na iya hura wutar wasu ƙwayoyin bairos har su ci baƙin ido. Akwai kuma CMV, mai kama bayan ido idan garkuwa ta faɗi ƙasa sosai: ba ja, ba zafi, sai ɗige-ɗige na yawo a gani.

Za a ce asibiti kuɗi ne, ga layi. Na yarda. To nawa ne kuɗin ido?

Mu ɗalibai ake tambaya a gida don an ce mun yi boko. Mu daina rubuta magani da ka. In ka ga kurji a goshi ko kan hanci, ko gani ya ragu, a nufi FMC Gusau a ranar. Kada a ɗiga ruwan suga, nono ko fitsari. Sannan mu bar tsegumi a hostal, don shi ke sa mai HIV ɓoye ciwonsa har idonsa ya tafi.