Tabkin Alawotra ya cancanci darasi guda cikakke

A lakol, in an zo kan Madagaska, sai malam ya nuna tsibiri bisa taswira, yara su haddace Antananarivo, a wuce. Ni dai ina ganin asara ce.

A arewa maso gabashin babban birnin akwai tabkin Alawotra, mafi girma a ƙasar, kuma kewayensa ne rumbun shinkafarsu. An sare dazuzzukan tuddan da ke gefensa, ruwan sama yana kwaso jar ƙasa yana zubawa ciki, tabkin yana cikewa. Manoma kuma suna cinna wa ciyayin fadama wuta domin su sami fili, alhali cikin waɗannan ciyayi kaɗai bandro ke rayuwa, wata ƴar dabba mai kama da biri da babu ita ko'ina a duniya. Wani tsuntsu mai nutso da aka sani a tabkin, tun 1985 ba a sake ganinsa ba. A 2010 aka tabbatar ya ƙare. Ragar masunta da baƙon kifi mai farauta da aka saka cikin ruwan suna cikin abin da ya ci shi.

Kada malam ya tsaya ga zargin manomin. Mai iyali da buhunsa ya kusa ƙarewa ba ya ƙirga tsuntsaye. A tambayi yara: wa ya sare itacen, me za a ba mai ƙona fadama ya daina? Ɗan Maradi da ya taɓa zuwa Madarunfa da rani ba zai rasa abin cewa ba.