Takardar Likita Ba Hukuncin Ƙarshe Ba Ce

Duk wanda ya san tashoshin motar Maiduguri ya san irin kayan da manyan motoci ke ɗauka zuwa Kurmi: shanu, da wake, da bandar kifin Baga, da samari majiya ƙarfi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da motocin nan suke komowa da shi. Suna komowa da waɗanda inji ya datse wa yatsu a masana'antun Ikeja, da waɗanda suka faɗo daga bene wajen aikin gini, da 'yan dakon da bayansu ya karye a Apapa. Suna nan a Gwange da Hausari da Bulumkutu, zaune a ƙofar gida da sanda a gefe. Da yawansu ba su taɓa neman diyya ba. Amma yau maganarmu a kan waɗanda suka nema ce, aka kai su gaban likita, aka auna su, daga baya aka ce ba su cancanta ba, su kuwa suka naɗe takardar suka tura ƙarƙashin katifa, suka ce haka Allah ya so.

Lalle babu abin da ke faruwa sai da ikon Allah. To, amma a wane littafi aka ce mutum ya bar haƙƙinsa a hannun wani, 'ya'yansa na kwana da yunwa? 'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal, rashin sani ya fi dare duhu, don haka ku saurara.

A watan Disamba na 2010 aka sa hannu a kan Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata, wadda ta shafe tsohuwar dokar soja ta 1987. A da, maigida ne ke biya daga aljihunsa, in ya ga dama ya ja ka har ka gaji. Dokar 2010 ta ce kowane maigida ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa a Asusun Inshorar Ma'aikata na Ƙasa, watau NSITF, kuma ta hana shi cire ko kwabo daga albashin yaransa don wannan zubi. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya a kan aiki, a riƙa biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Wanda naƙasarsa ba ta kai haka ba, a kimanta abin da ta rage masa na samu a biya shi gwargwado. Kuma ma'aikaci a idon wannan doka bai tsaya ga mai kwat da laktaye ba. Leburan da aka ɗauka da baki ba takarda, da na wucin gadi, da mai koyon sana'a, da yaron gida, duk suna ciki. Hatsarin da ya same ka a hanyarka ta zuwa aiki ko komawa gida, shi ma yana ciki.

To, ina gizo yake saƙa? A ɗakin likita. Nan ne ake yanke cewa ciwon nan daga aiki ya zo ko kuwa tsohon abu ne, kuma nan ake ƙididdige ko kashi nawa na ƙarfin mutum ya tafi. Ba mu ce likitoci azzalumai ba ne. Amma likita ɗan Adam ne, yana da layi a ƙofa, kuma sau da yawa ba ya jin Hausa, balle Barbarci. Ga mu kuma da halinmu na gado: Bahaushe ko yana bakin kabari, in ka ce masa yaya jiki, sai ya ce da sauƙi. Wannan ladabi ne a wurinmu, amma in ya shiga takardar likita sai ya zama shaida a kanka. Mutum yana jin kunya ya ce ba ya iya tsuguno, ba ya iya ɗaukar buta da hannun nan, ba ya barci don zogi. Likita kuwa abin da ya gani da abin da aka gaya masa zai rubuta. Bugu da ƙari, yatsa biyu a hannun akawu ba ɗaya suke da yatsa biyu a hannun tela ko makaniki ba, kuma in ba a bayyana wa mai awo irin aikin da kake yi ba, ta ina zai san abin da ka rasa?

Masu tsara dokar sun san ana iya kuskure, shi ya sa suka buɗe ƙofa a sashe na 55. Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar asusun ba yana da ikon ya rubuta mata ya nemi a sake dubawa, cikin kwana 180 daga ranar da aka yanke hukuncin. Ita ma hukumar an ba ta kwana 180 ta gama da ƙorafin. In har yanzu bai gamsu ba, sai ya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Amma ku lura da ƙayar da ke ciki: wanda ya bar kwana 180 suka wuce, ya rasa ikon ɗaukaka ƙarar.

Nan ne mutumin Yerwa yake shan kashi fiye da kowa. Da zarar ɗan Arewa ya ji rauni a Kurmi, abin da 'yan'uwa ke fara yi shi ne su haɗa kuɗin mota su tura shi gida, tafiyar fiye da kilomita 1,500. Zumunci ne, ba mu kushe shi ba. Sai dai takarda tana bin adireshin da aka bayar, watau na kamfani ko na ɗakin hayar da ya riga ya bari. Shi yana kwance a Gwange ana ɗora masa ƙashi, kwanaki suna tafiya. Kafin labari ya iske shi, wata shida sun cika, ƙofa ta rufe.

Za su ce ai doka doka ce, asusu ba ya biya sai da takarda. Madalla! A watan Agusta na 2022, kwamitin Majalisar Dattawa mai binciken kuɗin gwamnati ya nemi shugabannin wannan asusu su kawo takardun yadda aka kashe fiye da naira biliyan 17. Amsar da ƙasa ta ji ita ce, takardun suna cikin wani akwatin ƙarfe da ruwan sama ya daɗe yana duka, ƙila ma gara ta cinye su. Gara! Shekara biyu bayan haka, a Satumban 2024, madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye unguwannin Maiduguri har da Asibitin Koyarwa na Jami'a. Talakan da ruwan nan ya tafi da katin asibitinsa da hoton ƙashinsa, wa zai karɓi uzuri daga bakinsa? In gara ta isa ta zama uzurin manya, me ya hana ambaliya ta zama uzurin lebura?

Saboda haka, wanda aka hana kada ya yarda da maganar baki, ya nemi hukuncin a rubuce, ya duba kwanan watan da ke kansa, don daga nan lissafi ya fara. Ya rubuta neman a sake dubawa nan da nan, ya riƙe kofe mai hatimin karɓa. Ya je wurin wani likitan ƙwararre, a Asibitin Koyarwa na Maiduguri ko wani asibitin gwamnati, da mai yi masa tafinta, ya ajiye kunya ya faɗi komai. Ya nemo abokan aikin da suka ga hatsarin tun ba su watse ba. In manaja ya kira shi gefe ya miƙa masa ɗan abin sayen magani don ya sa hannu ya yafe, ya sani doka ta haramta irin wannan yarjejeniya. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Taimakon Shari'a da aka kafa tun 1976, kuma neman diyyar ma'aikata yana cikin aikinta.

Sarakunan Hausawa na Sabon Badun da Agege da Idi-Araba, da shugabannin rassan jam'iyyarmu a Kurmi, ku ne kuka fi kusa. Kun iya tara kuɗin kai gawa gida cikin dare ɗaya. Ku sa wani ɗan boko guda a kowace unguwa ya riƙe littafi: sunan wanda ya ji rauni, da wurin aikinsa, da ranar hatsarin, da lambar wayar wanda zai iske shi a Barno. Wakilanmu a Majalisar Tarayya kuma, su tashi su nemi a gyara sashe na 55, a fara ƙidayar kwana 180 daga ranar da takardar ta shiga hannun mai ita, kuma a tilasta wa hukumar ta karanta masa hukuncin da harshen da yake ji.