Ɗan Jirgin Katako Da Darasin Awo

A wannan wata za mu ɗan ajiye zancen jarrabawa, mu taɓa wani abu da wasu za su ce wasan yara ne, wato sassaƙa ƙananan jiragen ruwa irin na da, masu tafiya da iska. Mun san wani zai ce, me ya haɗa ɗan Zangon Kumasi da jirgin ruwa? Teku tana can Ankara da Cape Coast, mu kuwa muna tsakiyar kurmi. Ko tafkin Bosomtwe da ke kusa da mu, a al'ada kan guntun katako masuntansa suke zama su yi su. To, a yi haƙuri a bi mu a sannu.

Duk wanda ya ratsa lungunan Aboabo ko Sabon Zango ko Asawase ya san Allah ya ba yaranmu hannu. Da gwangwanin madara da tsohon silifa da 'yar waya, yaro zai ƙera maka tifa ko trotro har da sitiyari, kamar yadda yaran ƙasar Hausa ke yin motar kara. Amma mu malaman makaranta muna ganin wani abin takaici. Yaron nan mai wannan basira, in ya shigo aji aka rubuta masa 1:30 a allo aka ce ya yi lissafi, sai ya yi tsuru-tsuru. Motarsa da ido ya yi ta, bai taɓa ɗora mata rula ba, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa cewa aikin hannunsa da lissafin allo 'yan gida ɗaya ne.

A nan ne sana'ar ƙananan jirage take da abin koya mana. Masu yin ta ba su yarda da "ya yi kama" ba. Sukan ɗauki jirgi na gaske, su rage kowane sashe nasa da awo ɗaya, tun daga tsawon gangar jikinsa har kaurin igiya. Sana'ar kuwa tsohuwa ce. A 1920 an tono kabarin wani babban bafade mai suna Meketre kusa da Luxor a Masar, aka tarar da ƙananan jiragen katako da suka kai kusan shekara 4,000. A Ingila, tun ƙarni na 17 ake yi wa jiragen yaƙi samfuri, galibi a kan awon 1:48, wato rubu'in inci a madadin ƙafa ɗaya, kuma da yawansu suna ajiye a gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich. Fursunonin yaƙi Faransawa da aka tsare a Ingila zamanin Napoleon kuwa, da ƙasusuwan naman da ake ba su suka riƙa yin nasu, suna sayarwa.

Mu ba sai mun je Turai neman jirgin da za mu kwaikwaya ba. Ga kwalekwalen masuntan Elmina da Moree da Chorkor. Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne, asalinsa daga kurmin nan namu yake. Ana sassaƙa shi da gizago daga gungumen itacen wawa guda ɗaya a dazuzzukan Asante da Ahafo da maƙwabtansu, a ɗora shi a babbar mota a kai bakin ruwa. A can kafintoci ke ƙara masa katakai a gefe don ya yi zurfi, su sa masa wuraren zama, a yi masa fenti da suna da tutoci. Kafin injin ya yaɗu wajen shekarun 1960, da tuƙin hannu da ƙyallen kama iska ake shiga teku, kuma har yau akan ga masu ɗaga ƙyalle in iska ta yi kyau. Wannan itace na wawa shi ne ake kira obeche a kasuwar katako, kuma masu sassaƙa ƙananan jirage a Turai suna son sa saboda laushinsa da rashin nauyi. Mu a nan guntayensa suna zube a shagunan kafintoci da kasuwar katako ta Sokoban. Manyan itatuwan wawa dai suna ƙaranci, masuntan kansu suna kuka da haka, saboda haka ɗan jirgin da yaro zai yi yau wata rana zai zama shaida.

Ga yadda aikin yake. A ce kwalekwalen da muka zaɓa tsawonsa mita 12, faɗinsa mita ɗaya da rabi, sandar da ke riƙe ƙyallen iska kuma mita 6. In muka ɗauki awon 1:30, sai mu mai da komai santimita mu raba da 30. Tsawo zai zama santimita 40, faɗi 5, sanda 20. Masunci mai tsawon santimita 165 zai koma biyar da rabi, sai a yanke tsinke daidai haka a riƙa gwada wuraren zama da shi. Igiya mai kaurin santimita 3 za ta koma milimita ɗaya, wato zare mai ɗan kauri. A nan ake kama yaro mai garaje, don shi duk igiyar da ya tsinta zai so ya ɗaura, ya manta cewa in an mai da ita girman gaske ta fi cinyar mutum kauri.

Da farko yaro zai zana jirgin a takarda sau biyu, yadda yake in an dube shi daga sama da yadda yake daga gefe. Sai ya manna zanen a guntun wawa ya bi layi yana yanka, ya rarake cikin a hankali, ya goge da samfefa. Aikin wuƙa da reza lalle a yi shi a gaban babba. Tsinken tsire, wato cicinga, ya isa sanda, ashana ta isa wuraren zama. Tsohon farin ƙyalle in aka tsoma shi a ruwan shayi zai ɗauki launin wanda ya sha rana da gishiri, guntun gidan sauro kuma ya zama koma. Fenti shi ne na ƙarshe, kuma a yi shi ana duban hoton kwalekwale na gaske, ko abin da yara suka zana ranar da makaranta ta kai su ziyara Elmina. Aikin yakan ci makonni, amma sannu ba ta hana zuwa.

Wani zai ce duk wannan wahalar awo ta mece ce, ai ɗan jirgi ado ne kawai. To, ga labarin wani ɗan jirgi da ya shafi ƙasar nan. Brookes jirgin bayi ne na Liverpool, an ƙera shi a 1781, ya kuma zo Cape Coast da Anomabu yana ɗibar mutane. A 1788 masu adawa da cinikin bayi a Ingila suka ɗauki awonsa na gaske suka buga zanen cikinsa, aka jera mutane a kwance kamar kifi a faranti. Dokar wannan shekara ta yarda ya ɗauki mutum 454, alhali a wata tafiya kafin nan an ɗura masa 609. Wurin da aka ware wa namiji guda shi ne tsawon ƙafa 6, faɗin ƙafa ɗaya da inci 4. Thomas Clarkson ya sa aka yi samfurin jirgin da katako, William Wilberforce ya nuna shi a Majalisar Ingila. Mutanen da suka daɗe suna jin zance suna kau da kai, ran nan suka gani da idonsu, gani kuwa ya kori ji. Ba ɗan jirgin kaɗai ya yi aikin ba, amma yana cikin hujjojin da suka kai ga haramta cinikin a 1807, kuma yana nan ajiye a gidan Wilberforce a garin Hull. Da an yi shi da ka, da masu cinikin sun ce ƙarya ce. Awon gaskiya ne ya rufe musu baki.

Tarihin nan kuwa bai tsallake mu ba. Wasu daga cikin waɗanda aka kai bakin ruwa daga arewa aka kwaso su, kuma kasuwar Salga da fataken Hausa suka riƙa zuwa sayen goro, a cikinta ma an sayar da mutane. Malamin da ke son yara su gane, ya ɗauki alli ya zana santimita 183 da 41 a daɓen aji, ya ce wani ya gwada kwanciya a ciki.

Tun gyaran ilimi na 1987 da ya kawo makarantun JSS aka ce yaro ya koyi aikin hannu tare da karatu, amma makarantu da yawa ba su sami ɗakin aiki ko kayansa ba, darasin ya tsaya a allo. Jiran kayan gwamnati ya cinye mana shekaru masu yawa. Wannan aiki kuwa bai buƙatar komai sai tebur ɗaya, da rula, da gam, da yamma ɗaya a mako. Muna roƙon shugabannin makarantu su ba da teburin, kafintocin unguwa su ba da guntayen katako da ɗan lokacinsu, iyaye kuma su daina ganin yaro da wuƙa da katako su ce shiririta yake. A sa 'yan mata a ciki, don lissafin da ke rage jirgi shi ne ke rage zanen riga. Sarakunan Zango da ƙungiyoyin matasa su shirya nuni a dogon hutu, alƙalai su zo da rula a hannu, kyauta ta tafi ga wanda awonsa ya fi daidai.

Yawancin yaranmu ba za su zama matuƙan jirgi ba. Amma da yawa za su tafi Suame Magazine, wasu shagon kafinta ko tela, wasu kuma muna fata KNUST. A duk waɗannan wurare, wanda ya iya karanta zane ya fitar da awo shi ake ba kwangila, wanda bai iya ba ya daɗe yana miƙa wa maigida sifana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya sa mu dace. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.