Turare Daga Cikin Tukunyar Yisti

Duk wanda ya ratsa layin masu turare a kasuwar Wuse ya san tsadar man sandal. Dalili kuwa shi ne itacen sandal na ƙasar Indiya yakan yi shekara 15 ko fiye kafin zuciyarsa ta yi mai, kuma an sare shi har ya yi ƙaranci.

To, ga abin da masana suka yi. Sun ɗauko ƙwayar gado wadda ke koya wa tsiro yin ƙanshi, suka dasa ta cikin yisti, watau irin wanda ke kumbura burodi. Sai a zuba shi cikin babbar tukunyar ƙarfe, a ciyar da shi da sukari. Cikin 'yan kwanaki ya fid da mai, a tace. A 2014 kamfanin Firmenich na ƙasar Suwizalan, tare da Amyris na Amurka, ya fitar da Clearwood, mai ƙanshin ganyen facoli da manoman Indunusiya ke nomawa. Ruwan raken Barazil aka ba yistin.

Waɗansu abokaina sun ce wannan cuta ce ga talaka, gama in tukunya ta ba da ƙanshi, wa zai sayi na manomi? Maganarsu tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai sana'ar ba ta da sauƙi yadda suke tsoro: Amyris kansa bashi ya karya shi a 2023. Kuma yisti yakan yi sinadari ɗaya ne ko kaɗan, alhali man itace gauraye ne na abubuwa masu yawa. Hancin tsohuwa mai haɗa humra ba ya ruɗuwa da wuri.

Ni abin da ke damuna dabam ne. Babu ƙasar da ta fi Nijeriya noman rogo a duniya, kuma garin rogo yana komawa sukari, abincin yisti ke nan. Muna da ma'aikatar binciken magunguna a Idu, da ta kimiyya a Sheda, duk nan ƙasar Abuja. Muna da hano da dashi da jema a dazuzzukanmu. Ashe za mu zauna har wani ya karanta sirrin hano, ya sayar mana da ƙanshinsa a kwalba?

Mu da za mu riƙe alli gobe, lalle mu fara tun daga aji. Kwalba ɗaya, da ruwan ɗumi, da sukari cokali biyu, da yisti, da balan-balan a baki, sun isa yaro ya ga da idonsa cewa abin nan mai rai ne, yana ci, yana fid da iska.