Na'urar busar da riguna mai gas: a auna kafin a kwance, kada a taɓa sensa

Duk wanda ya taɓa sayen riga mai rubutu, wanki biyu rubutun ya fara tsattsagewa yana ɓarewa, ya san haushin abin. Yawanci akan ɗora laifin a kan tawada ko yadi. Amma sau da yawa matsalar tana cikin na'urar busarwa mai aiki da gas, wadda ake shimfiɗa riga a kan bel ɗinta, ta ratsa ɗakin zafi ta fito ta ɗaya gefen.

Tawadar plastisol, wadda aka fi buga riguna da ita, ba bushewa take yi kamar fenti ba, dahuwa take yi. Sai dukkan kaurinta ya kai kusan digiri 160 na Selshiyas kafin ta kama yadi. Lambar da ke kan allon na'urar kuwa zafin iskar ciki ce kawai. Ita ma bindigar auna zafi mai lesa saman tawada take karantawa, ƙasan na iya zama ɗanye. Shi ya sa mai shagon da ya san aikinsa yake jan rubutun da hannu ya ga ko zai tsage, sannan ya wanke riga ɗaya kafin ya buga ɗari biyar.

Idan zafi ya ƙi kaiwa, akwai abubuwan da ya kamata a fara dubawa. Bel na iya yin gudu fiye da kima, riga ta fito ba ta dahu ba. Zaren auduga da ƙura, musamman a lokacin hunturu, suna toshe matatar iska da bututun hayaƙi. Ƙaramar tukunyar gas idan ana zuƙarta da ƙarfi takan yi sanyi har raɓa ta kwanta a jikinta, ƙarfin gas ya ragu, wuta ta yi rauni. Haka kuma na'urar da aka shigo da ita an saita ta don gas na bututu ba za ta ci daidai da gas na tukunya ba, sai ƙwararre ya sauya bakin murhun da regileta.

Babban haɗarin yana wajen wutar da ke kamawa ta mutu. A nan ne matasa ke garzayawa YouTube ko TikTok, su ci karo da dabarar haɗa waya a tsallake sensar harshen wuta ko makunnin da ke tabbatar da fanka tana hura iska. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Aikin waɗannan na'urori shi ne rufe gas da zarar wuta ta mutu ko iska ta tsaya. Idan aka tsallake su, gas zai ci gaba da taruwa a cikin akwati mai zafi, a shagon da ke cike da yadi da sinadarai. Sau da yawa ma datti ne kawai ya lulluɓe sensar, a kashe komai a goge ta, shi ke nan.

Harshen wuta shuɗi ake so. Idan ya koma rawaya yana baƙin hayaƙi, gas ba ya ƙonewa sosai, kuma hakan na haifar da iskar kabon monoksaid, mai kisa ba tare da wari ba. Yoyon gas kuma da kumfar sabulu ake nemansa, ba da ashana ba.

Waya tana da amfaninta a wannan aiki: sauke littafin na'urar, ɗaukar hoton lambar matsalar da allo ya nuna, auna daƙiƙun da riga ke yi a ciki, da tura wa mai gyara bidiyo. Amma bawul ɗin gas da sensa aikin ƙwararre ne. Riga idan ta lalace ana sake buga wata, shago da ran ma'aikaci kuwa ba a sake buga su.