A Leƙa Tsibirin Gore Ko Da Damina

Edita, ka ba ni fili in yi kira ga 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da ɗalibai masu zuwa Dakar, su daina cewa sai rani ya yi za su leƙa tsibirin Gore. Daga Yuli zuwa Satumba 'yan yawon buɗe ido sukan ragu saboda ruwan sama, amma jirgin ruwa ba ya fashi, tunda da shi mazauna tsibirin ke zuwa aiki da cefane. Tafiyar kusan minti 20 ce daga tashar Dakar. A riƙe fasfo ko katin shaida, kuma kuɗin ɗan Afirka bai kai na Bature ba.

A lokacin nan ne za ka shiga Gidan Bayi, ginin wajen 1776, babu turereniya. Ka tsaya a ƙananan ɗakunan nan na ƙasa masu duhu da danshi, ka dubi ƙofar da ke fuskantar teku, wallahi sai jikinka ya yi sanyi. Ko mota ɗaya babu a tsibirin, a ƙafa ake zaga shi. Tun 1978 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, ga shi mu da muke maƙwabta ba mu damu da shi ba.

Gidan Bayin ba ya buɗewa ran Litinin. Don Allah duk wanda ya je, ya tambayi lokacin jirgin ƙarshe na komawa Dakar tun kafin ya sauka a tsibirin.